Baƙin Mishan da Koyon Harshe a Ƙasar Yauri

Al'adar nan da matashi Kirista zai bar ƙasarsu, ya zauna ya koyi harshen wasu mutane, sannan ya shiga cikinsu ya yi aikin sa kai na shekara biyu ko na iya rayuwarsa, ta bunƙasa ne a Turai da Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. A 1886 mai wa'azi Dwight Moody ya tara ɗalibai a Mount Hermon cikin jihar Massachusetts, inda ɗari daga cikinsu suka ɗauki alkawarin fita ƙetare. Daga wannan taro aka sami ƙungiyar ɗalibai masu sa kai wadda ta tura dubban samari da 'yan mata Asiya da Afirka da Latin Amurka. Yau idan aka ambaci wannan al'ada a Amurka, hankali kan tafi ga Sifaniyanci da ƙasashe irin su Meziko da Gwatamala, saboda su ne maƙwabta. Sai dai wani reshe nata ya biyo kogin Kwara har ƙasar Yauri, kuma a nan harshen da baƙon ya sha fama da shi Hausa ce. Zaɓen wannan harshe shi ya tsara yadda aikin ya gudana a Yauri da Ngaski da Shanga, ya kuma bar alama a kan mutanen da aka zo dominsu.

Yauri masarauta ce ta Hausawa wadda aka gina a kan ƙasa mai harsuna da yawa. Tsohuwar fadarta tana Birnin Yauri, kafin Yelwa ta bakin kogi ta zama mazaunin sarki a zamanin Abdullahi Abarshi, a ƙarshen ƙarni na 19. A tsibiran kogi akwai Gungawa, masu kiran kansu Reshe, gwanayen noman albasa da tuƙin kwalekwale. A tudu, musamman wajen Ngaski da Wara da Libata, Kambari ne suka fi yawa. A arewa akwai Shangawa, waɗanda harshensu ɗan dangin Mande ne, ɗan'uwan na Kyangawa da Busawa, ba ya kama da na maƙwabtansu ko kusa. Ga Dukkawa ta gabas, ga Lopawa da Laru a gaɓar ruwa, ga Sarkawa masunta da suka gangaro daga ƙasar Kabi. Hausa ita ce harshen fada da kasuwa da kotun alƙali. A cikin ƙauye kuwa, tsakanin mata da tsofaffi da yara, kowa da bakinsa.

Turawan farko da suka ratsa wannan ƙasa a bakin tafinta suka rayu. Mungo Park ya rabu da jagoransa Amadi Fatuma a Yauri, inda yarjejeniyarsu ta ƙare, bai yi nisa ba ya halaka a gurguzun duwatsun ruwa na Busa a 1806. Richard Lander da ƙanensa John sun yi makonni a Yauri a 1830 suna neman takardun Park, kuma wani Bagobiri da Turawa ke kira Pasko shi ne bakinsu da kunnensu. Waɗannan 'yan wucewa ne. Wanda ya zo da niyyar zama da wa'azi ba zai iya dogara ga bakin wani ba har abada.

Su kuwa 'yan mishan sun daɗe da ɗora idonsu a kan Hausa. James Frederick Schön, wanda ya biyo ayarin binciken Kwara na 1841, ya shafe sauran rayuwarsa yana rubuta nahawu da ƙamus na Hausa, har ya zauna da Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai, yana rubuta abin da ya ji daga bakinsa. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS sai da ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa a wurin mahajjata da fatake kafin ya shigo Arewa. Ayarinsu ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Miller ya zauna a Zariya, kuma shi ne ƙashin bayan aikin fassarar da ta fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Bayan shekara biyu ƙamus ɗin Hausa na Bargery ya fito, mai shafi fiye da dubu. Daga nan duk baƙon da ya sauka a Arewa ya tarar da kayan aiki a shirye da harshe guda, sauran ɗaruruwan harsunan kuwa yawancinsu ko baƙaƙen rubutu ba su da su.

Akwai kuma hukuncin gwamnati. Gwamna Lugard ya yi wa sarakunan Musulmi alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, saboda haka Turawan mulki suka riƙa hana mishan kafa tasha a manyan biranen masarautu, suna karkata su zuwa yankunan da ke bin addinin gargajiya. Ƙasar da ke tsakanin Kwantagora da Zuru da Yauri tana cike da irin waɗannan al'ummomi. Abin da ya biyo baya yana da ban mamaki: an koyi Hausa don a yi wa Hausawa wa'azi, aka ƙare ana yi wa waɗanda ba Hausawa ba wa'azi da Hausa.

Mishan ɗin da ya fara kafuwa a wannan yanki daga kudu ya hauro. Alexander Banfield, matashi ɗan Kanada, ya iso Pategi a farkon ƙarni na 20, ya koyi Nufanci har ya rubuta ƙamus ya kuma yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da shi. A 1905 ya buɗe wa cocinsu, wani reshen Menonayit na Amurka da Kanada, tasha a Tsonga. Wannan aiki ne ya zama United Missionary Society. Daga ƙasar Nufe da Jebba suka yi arewa, suka kafa tasha a Salka cikin Kambari da kuma Zuru cikin Dakarkari a shekarun 1920, sannan Yelwa. Asibitinsu na Tungan Magajiya ya yi suna a duk yankin, kuma wasu daga cikin makarantun Littafi Mai Tsarki da suka buɗe da Hausa ake karatu a cikinsu. A 1955 majami'un da suka haifa suka tsaya da ƙafarsu da sunan United Missionary Church of Africa, wadda kowa ya sani da UMCA.

Yawancin waɗanda aka turo matasa ne da ba su daɗe da gama makarantar Littafi Mai Tsarki ko ta aikin jinya ba, kuma mata marasa aure suna da yawa a cikinsu. Shekarar farko ta koyon harshe ce. Babban mishan na SIM yana da makarantar koyon Hausa, wadda ta zauna a Minna daga baya ta koma Kano, amma sau da yawa sabon zuwa a tasharsa yake koyo. Da safe zai zauna a baranda da malamin da aka ɗauka masa, littafin nahawu a cinya, malamin yana faɗa yana maimaitawa. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya kuma nuna tsawon wasali, don haka abin da ido ya karanta ba ya isa, sai kunne ya kama. Da la'asar sai a tura shi kasuwa ko bakin ruwa ya gaisa da mutane, ya tambayi farashin busasshen kifi, ya jure dariyar yara. Akwai jarrabawa mataki-mataki, kamar yadda su ma jami'an mulki suke da tasu ta ƙarama da babbar daraja. Wanda ya kai ga yin wa'azi ba tare da takarda ba, shi ne aka yarda ya fara aiki.

Amma Hausar da aka sha wahalar koyo ba ta kai shi ko'ina ba sai bakin ƙofa. A ɗakin shan magani, ranar kasuwa, tsohuwa Bagunga za ta sauko daga kwalekwale da jikanta. Za ta faɗi ciwonta da Reshe, yaron ya mayar da shi Hausa ga ma'aikacin da ke rubuta kati, shi kuma ya daidaita wa baturiya abin da ta kasa kamawa. Bayanin yadda za a sha magani ya sake bin wannan hanya ya koma. A kowace gaɓa wani abu yakan zube. Haka abin yake a aji da majami'a. Yaron Bakambare da ya shiga makarantar mishan da Hausa ya fara karatu, da ita ya koyi addu'a da waƙoƙin sujada, da ita aka yi masa baftisma. In ya zama mai bishara aka mayar da shi ƙauyensu, littafin da ke hannunsa na Hausa ne, sai dai ya yi bayani da harshen gida.

'Yan mishan suna da hujjarsu. Ma'aikata kaɗan ne, harsuna barkatai, kuma Kambarin kansa ba ɗaya ba ne: na Salka daban, na Auna da Wara daban, na Agwara da Ngaski daban. Mutum ɗaya da Hausa zai iya aiki a Salka bana, baɗi a mayar da shi Zuru. Iyaye ma Hausar suke so wa 'ya'yansu, don ita ce ke kai mutum ga aikin En'e da soja da kasuwanci. Duk da haka ba za a iya cewa mishan 'yan kallo ne kawai ba. Sun zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da Hausa ta bi ta shiga ƙauyukan da sarauta da fatauci ba su gama shigar da ita ba.

Katolika sun zo a makare, kuma ta wurinsu ne labarin Yauri ya haɗu da na Sifaniyanci. Ƙungiyar Dominikan, wadda Dominic de Guzmán ɗan Kastil ta ƙasar Sifaniya ya kafa, Fafaroma ya amince da ita a 1216, ta shigo Najeriya a 1951 ta hannun reshenta na Shikago. A 1953 aka danƙa musu sabon yankin Sakkwato, daga baya aka ba da jagorancinsa ga Fada Edward Lawton, wanda ya zama bishop a 1964. Sun zauna a Gusau, suka buɗe tashoshi a wurare irin su Malumfashi da Yelwa, inda majami'ar Katolika ke ɗauke da sunan Dominic. Sistocin Dominikan na Great Bend a jihar Kansas sun biyo su a 1956 da aikin jinya da karɓar haihuwa. Shi wannan reshe na Shikago a shekarun nan ne kuma ya tura wasu 'ya'yansa Bolibiya. Samarin da suka yi karatu a aji ɗaya, wani aka ba shi nahawun Sifaniyanci, wani aka ba shi na Hausa. Cikin waɗanda rabonsu ya faɗo Najeriya akwai Joseph Kenny, wanda ya zo a 1964, ya koyi Hausa, ya wuce ga Larabci, ya ƙare yana koyar da ilimin Musulunci a Jami'ar Ibadan.

Ɓangaren Sifaniyanci shi ya fi samun jama'a da kuɗi. A 1960 Fadar Fafaroma ta buɗe shirin masu sa kai zuwa Latin Amurka, a 1961 kuma wakilinta Agostino Casaroli ya nemi ƙungiyoyin fada-fada da sistoci na Amurka su tura kashi 10 cikin 100 na mutanensu can a cikin shekara goma. Aka buɗe makarantun koyon harshe domin su, kamar ta Cuernavaca a Meziko da ta Cochabamba a Bolibiya. Furotesta suna da tasu a San José ta Kosta Rika. George Verwer yana ɗalibi ya tafi Meziko a 1957 da abokai biyu da Linjilar Yohanna ta Sifaniyanci, tafiyar da ta haifi ƙungiyar Operation Mobilisation. Daga irin waɗannan aka sami salon da ya yaɗu daga baya: matashi ya sauka a gari kamar Antigua ta Gwatamala, ya kama ɗaki a gidan wasu iyali, ya yi darasi da malami ɗaya na wasu makonni, sannan ya tafi gidan marayu ko wurin gini ya taimaka. Tun da wuri aka fara sukar abin. Ivan Illich, fadan da ya kafa cibiyar Cuernavaca da kansa, ya tsaya gaban ɗalibai masu sa kai a 1968 ya gaya musu cewa zuwansu taimako ya fi amfanar su a kan talakawan da suka zo wa, gara su zo koyo.

Wannan salo na gajeren zama bai taɓa yin ƙarfi a bakin Kwara ba. Hanya ta yi nisa, Hausa kuma ba a koyar da ita a makarantun sakandaren Amurka kamar Sifaniyanci. Masu sa kai na shekara biyu da Arewa ta gani bayan samun 'yancin kai yawancinsu malaman makaranta ne: na VSO daga Ingila, wadda aka kafa a 1958, na Peace Corps daga Amurka da CUSO daga Kanada, dukansu na 1961, da malaman da hukumar agaji ta Menonayit ta riƙa turowa. Da Turanci suke koyarwa, Hausarsu ta gaisuwa da cefane ce.

Babban abin da ya girgiza ƙasar bai fito daga mishan ba. Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar ruwa ta Kainji, tafkin ya cika ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirin Foge da gonakin albasar Gungawa. Mutum wajen 44,000 aka tayar. An gina musu sababbin ƙauyuka da gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi, bisa zanen wani mai tsara gine-gine Bature, Robin Atkinson, kuma da yawa suka kakkafa bukkokin ciyawa a gefensu don su fi jin daɗin zama. Mutumin tsibiri da ruwa ya kare shi shekaru aru-aru ya wayi gari a bakin hanyar mota, kusa da kasuwa da masallaci da makaranta. Masanin al'adu Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a farkon shekarun 1970, ya rubuta yadda Gungawa ke rikiɗa su zama Yawurawa: a musulunta, a koma Hausa, a canza sutura, bayan tsara ɗaya ko biyu a daina ambaton asali. Ya kuma yi rubutu a kan su Dominikan ɗin da aikinsu. Masanin tarihi Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya nuna cewa wannan jan da Hausa ke yi wa maƙwabtanta tsoho ne, ya girmi Turawa nesa ba kusa ba. Tafkin gaggauta shi ya yi. Mishan sun fi samun mabiya a tudu, cikin Kambari da Dukkawa da Dakarkari, a kan cikin mutanen ruwa, waɗanda mafi yawansu Musulunci suka karɓa.

Gyaran da aka yi wa tsarin harshe daga baya, asalinsa daga ƙasar masu Sifaniyanci ya fito. A 1917 wani ɗalibi ɗan Kalifoniya mai shekara 21, Cameron Townsend, ya tafi Gwatamala sayar da Littafi Mai Tsarki na Sifaniyanci. Can ya tarar mutanen karkara, 'yan ƙabilar Kakcikel, ba su jin Sifaniyancin sosai, balle su karanta. Ya zauna cikinsu ya koyi harshensu, ya gama fassara Sabon Alkawari aka buga a 1931. A 1934 ya fara horar da matasa ilimin harsuna, abin da ya zama cibiyar SIL da ƙungiyar masu fassara ta Wycliffe. Aƙidarsu ita ce harshen kasuwa ba ya maye gurbin harshen da aka sha a nono. Sun shigo Najeriya a 1962, a 1976 aikin ya koma hannun 'yan ƙasa ƙarƙashin hukumar fassara da ke Jos.

Sai a ƙarshen ƙarni wannan tunani ya iso gaɓar Kainji da ƙarfi. An kafa shirin harshen Kambari a Salka, inda 'yan ƙasa tare da masana baƙi, cikinsu har da Janie Stark, suka tsara rubutu da littattafan koyon karatu ga harsunan Tsishingini da Tsikimba da Cishingini, biyun ƙarshe kuwa ana jin su a ƙasar Ngaski. Aikin ya kai ga fassara Sabon Alkawari. A ɓangaren Katolika, Fada Timothy Carroll na ƙungiyar SMA, ɗan ƙasar Ayalan, ya ba da ƙarfi ga harsunan yankin da yaƙi da jahilci da haƙa rijiyoyi. Shi aka naɗa ya jagoranci yankin Kwantagora da aka yanka a 1995, wanda Yauri ta faɗa cikinsa. Ross Jones ɗan Ostareliya, bayan dogon aiki a kan Boko da Busa, ya tattara kalmomin Shanga da Kyanga, a lokacin da masu jin Shanga suka ragu zuwa 'yan ƙauyuka. Masana irin su Roger Blench sun bi sauran harsunan da ake kira dangin Kainji suna rubuta su. Ga wasu harsunan aikin ya zo a kan kari. Ga wasu ya tarar yara sun riga sun koma Hausa, kuma ko a inda aka yi fassarar, sujadar Lahadi a garuruwa da Hausa ake yin ta, don jama'ar gauraye take.

Kafin nan baƙin kansu sun ragu. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan da dama, samun takardar zama ya yi wuya, shugabancin majami'u ya koma hannun 'yan ƙasa. Bulus Dauwa Yohanna ya zama bishop na Kwantagora a 2012, yankin ya zama cikakkiyar dayosis a 2020. Matashin da ke zuwa Yelwa ko Wara daga nesa ya koyi Hausa don ya yi aiki, tun daga 1973 galibi ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu, kuma ƙungiyar Kiristoci masu bautar ƙasa takan fita ƙauyuka da wa'azi da magani. Fita ƙetare aikin sa kai kuwa ta samu hanya ta gwamnati a 1987, lokacin da aka kafa shirin tura ƙwararrun Najeriya ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. Ƙasa mafi kusa da ɗan Najeriya zai buƙaci Sifaniyanci a cikinta ita ce Ikwatoriyal Gini, inda dubban leburori daga kudu maso gabas suka yi aikin gonakin koko a tsibirin Fernando Po, har aka kwaso su a tsakiyar shekarun 1970 saboda zaluncin gwamnatin Macías Nguema.

Rashin tsaro ya ƙara toshe hanyar baƙi. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, kuma ƙasashen Turai da Amurka suna gargaɗin mutanensu game da tafiya yankin. Aikin fassara da koyar da karatu da harsunan Kambari da maƙwabtansu yanzu yana hannun masu harsunan ne, waɗanda ake horarwa a Jos da makarantun majami'unsu, masu ba da shawara daga waje kuma sukan duba aikin ta intanet.